Matar mutumina a Shunde ta haihu, me ake cewa da yarensu?

Alhaji Mai Kujeru:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah 'yan Gwanzu da duk wanda ya daɗe a can ina neman agaji. Mutumin da nake sarin kujeru da gadaje a wajensa a Lecong, cikin Shunde kusa da Gwanzu a ƙasar Sin, shekara tara kenan muna tare, wlh ya zama kamar ɗan'uwa, ya sha ɗaga min ƙafa lokacin da dala ta haukace, to matarsa ta sauka sati biyu da suka wuce, an samu namiji bayan 'yar da suke da ita mai shekara bakwai. Ya turo min hoto ta WeChat ya ce lallai lallai in zo walima idan yaron ya cika wata, kuma abin ya dace da tafiyata. Matsalar ita ce ɗan Mandarin ɗin da na iya na kasuwa ne, nawa ne, ya yi tsada, rage min, kuma su a gida ba shi suke yi ba Kantonis suke yi, tsohuwarsa kam da ƙyar take haɗa Mandarin ɗin ma. Ina so in je in yi barka kamar mutum ba in tsaya ina washe baki kamar an dasa ni ba. Me ake cewa, me ake kaiwa, me ba a kaiwa?

Baban Abba:
Alhaji ka ce Allah ya raya kawai, jariri ai kowane yare yana ji 😂

Surukin Sinawa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka zo gidan sauƙi, ni matata 'yar Gwanzu ce haifaffiya, 'ya'yanmu biyu duk a can aka haife su, don haka na sha wannan hidimar har na ƙoshi. Zan rubuta maka yadda kunnena yake ji ne da baƙaƙenmu, ba yadda suke rubutawa a littafi ba.

Na farko da ba ka da makawa sai ka riƙe shi ne GUNG HEI, barka kenan. In kana so ya yi armashi ka ce gung hei sai, wato barka sosai, ko ka maimaita gung hei gung hei kana ɗan dunƙule hannu ɗaya cikin ɗaya a ƙirji. Wanda ka sani a Mandarin gongxi, shi ne dai, baki ne ya bambanta. Jariri kuma a yau kowa bi-bi yake cewa, namiji bi-bi jai, mace bi-bi neui. Amma tsofaffi suna da tasu kalmar, sou ha jai, ɗan jinjiri sabon haihuwa, kuma wannan ha ɗin da harafin jatan lande ake rubuta shi, ni dai da na ga namu ranar farko a nannaɗe jajir na ce lallai wanda ya raɗa sunan ya ga jariri. In ka ce wa tsohuwar sou ha jai na rantse sai ta tafa hannu.

Addu'ar da ta yi daidai da Allah ya raya tamu ita ce fai gou jeung dai, ya yi tsawo da sauri ya girma. Fai sauri, gou tsawo, jeung dai girma. Sai san tai gin hong, lafiyar jiki, wannan har manya ana yi musu. Sai cung ming ling lei, ya zama mai kaifin ƙwaƙwalwa da wayo. Da a ce ranar da aka haihu ka kira da sai ka ce mou ji ping on, uwa da ɗa lafiya, amma yanzu wannan ta ɗan wuce. Ka haddace gung hei da fai gou jeung dai, sauran ƙari ne.

Alhaji Mai Kujeru:
Allah ya saka da alheri ranka ya daɗe. Wannan jeung ɗin ya ake fitar da shi? Na gwada yanzu a shago yarana suna ta dariya wai kamar ina kiran akuya

Ɗalibin Hong Kong:
Alhaji ka shirya bakinka kamar za ka ce o, sai ka ce e ba tare da ka saki leɓen ba, shi kenan sautin, ba mu da shi a Hausa. Amma ni abin da zan ja hankalinka a kai ba wannan ba ne, karin murya ne. Mandarin huɗu gare shi, Kantonis shida, a tsohon lissafi ma tara suke ƙirgawa. Mu Hausawa bai kamata ya ba mu tsoro ba don muna da shi, kuka ta miya da kuka na hawaye ai rubutu ɗaya ne murya ce ta raba, haka wuya da wuya. Misalin da ya shafe ku 'yan kasuwa, mai da muryar da ta taso daga ƙasa ta ɗan hau saye ne, mai da murya ƙasa a miƙe sayarwa ne. Kuma wanda zai shafe ka ranar walima shi ne ma-ma. In ka fara ƙasa ka ƙare sama, uwa kenan. In duka biyun ka ajiye su can ƙasa, kakar yaro ta wajen uba kenan, wato tsohuwar mutuminka. Ka ga in ka karkace ka mayar da kaka maijego.

Sannan su mutanen Foshan, inda Shunde take, da Gwanzu ba sa cewa Kantonis, bak wa suke kiran yarensu, a nan Hong Kong kuma gwong dung wa. Kuma 'yan Shunde suna da nasu karin harshen, kamar yadda Basakkwace yake da nasa, za su gane ka dai.

Hajiyar Labule:
Ku tsaya da maganar murya tukunna, akwai abin da ya fi wannan muhimmanci kuma na ga ba wanda ya faɗa. Alhaji GEUNG COU. Ka rubuta shi a tafin hannunka. Ma'anarsa citta da binega, kuma sunan ne yake yaudarar mutum. Ni ya faru da ni, wata da nake sayen yadin labule a wajenta ƙanwarta ta haihu, ranar na je shagon ta fito da wata 'yar roba da murnarta ta buɗe min, abu baƙi ƙirin yana ƙamshin citta da zaƙi-zaƙi, ga dafaffen ƙwai a ciki ya yi launin goro, na tambaya mene ne ta ce ginja ne da binega na maijego, na ce a raina kamar dai yajin jego namu kenan, har na ɗauki cokali na kai kusa da baki sai na ga wani abu mai kofato yana leƙowa daga ƙasa. Ƙafar alade ce wlh. Ɗayan sunansa ma ju geuk geung, ju alade, geuk ƙafa, geung citta, amma ita ba shi ta faɗa min ba don a wajenta citta ce babba a ciki. Na ajiye cokalin jikina yana rawa, ita kuma baiwar Allah kunya ta kama ta har tana neman kuka, ta manta kwata-kwata. Ƙwan da ke ciki ma kar ka taɓa, a tukunya ɗaya suka kwana.

Surukin Sinawa:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma ni na yi laifi da ban fara da shi ba. Wannan abincin shi ne tutar haihuwa a wajen mutanen Guangdong, lardin da Gwanzu da Shunde suke ciki, da Hong Kong. Tun ciki yana wata bakwai takwas ake fara shi, a kankare tsohuwar citta a soya ta a busasshen kasko ta tsane, a zuba cikin baƙin binega mai zaƙi a tukunyar ƙasa, ba ta ƙarfe ba don binegar yana cin ƙarfe, a riƙa tafasawa lokaci-lokaci, sai an haihu a sa ƙafafun da ƙwai. Rana ta goma sha biyu, da suke kira sap yi jiu, ita ce ranar da maijego take fara ci kuma a fara rabo wa dangi da maƙwabta da abokan aiki, rabon sunansa pai geung cou. Kamar dai yadda muke raba goro da alawa a ce an yi haihuwa. Tunda ka ce sati biyu aka yi, yanzu haka tukunyar tana kan wuta, kuma kana sauka za a iya tarbarka da shi.

Abin da za ka ce: do je, ngo m sik ju yuk. Na gode, ba na cin naman alade. Wannan m ɗin shi kaɗai kalma ce, baki a rufe, ita ce a'a ɗinsu. Halal kuma cing jan. Kuma ka lura godiyarsu biyu ce, do je idan an ba ka kyauta ko an yabe ka, m goi idan an yi maka hidima kamar an zuba maka shayi. Akwai kuma gai jau, kaza ce da aka dafa da giyar shinkafa da citta, ita ma ta jego ce, ita ma ka ce do je ka wuce. Surukata da na auri 'yarta sai da ta koma yin geung cou ɗin da ƙwai zalla a sabuwar tukunya, tana yi tana mita wai an cire wa abinci rai.

Maman 'Yan Biyu:
Ikon Allah, ashe su ma suna jego? Na ɗauka sai mu

Hajiyar Labule:
Jego ma kuwa mai tsauri Anti. Co yut suke cewa, zaman wata. Mu arba'in su talatin, wasu su ƙara. Ba fita, ba shan ruwan sanyi, ba fanka ba iska, ba kankana ko wani abu da suke ɗauka mai sanyi ne, a tsakiyar zafin Gwanzu za ki ga mace da safa da hula. Inda muka rabu shi ne wanka. Mu ana tashinki da asuba a tafasa ruwa a garwa a fyaɗa miki da ganye, su kuma a al'adar da, ba a son maijego ta wanke kai sam har wata, in za ta taɓa ruwa sai wanda aka dafa da ɓawon citta, shi ya sa ɓawon da aka kankare wajen geung cou ba a zubarwa, shanya shi ake yi a ajiye. Ga miyar gwanda da kifi don ruwan nono, muk gwa yu tong, wannan kam na sha kuma da daɗi. Masu hali suna ɗaukar mata ta musamman da za ta zauna da su watan, pui yut, ita ce mai girki mai wankan jariri, aikin da gwaggo ko inna take yi mana kyauta su albashi ne mai tsoka.

Maman 'Yan Biyu:
Wata guda ba wanke kai?? A'a ni dai a bar ni da ruwan zafina

Nas Mai Ritaya:
Maman 'Yan Biyu kar ki yi saurin yi musu dariya, namu ma yana da nasa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashi. Nasu rashin wanke kan ma matasansu da yawa sun daina, suna wankewa su busar da na'ura. Kowa dai tsoron sanyi ne ya kai shi, mu muka kore shi da wuta su suka kulle masa ƙofa. Abin da na yaba musu shi ne hutu, a Guangdong ma'aikaciya kwana 178 take samu, miji 15. Hong Kong sati 14 tun ƙarshen 2020, miji kwana 5.

Alhaji Mai Kujeru:
Hajiya kin cece ni wlh, da na ji citta da binega ai da bismillah zan yi. To ita walimar fa, me sunanta, kuma me zan tarar?

Surukin Sinawa:
Mun yut jau. Mun cika, yut wata, jau kuma asalinsa giya amma a nan yana nufin liyafa, su duk wata liyafa sha suke kiranta, in mutum zai je biki sai ya ce zai je sha ko da ruwa zai sha. Wasu yanzu suna ɗagawa zuwa kwana ɗari, bak yat yin, don yaro ya yi ƙwari uwa ta murmure. A gidan abinci ake yi, tebura masu zagaye mutum goma ko sha biyu. Abu biyu za ka gani a kowane tebur, hung gai dan jan ƙwai da aka rina ɓawonsa, da syun geung citta mai tsami yankakkiya launin hoda. Waɗannan kam ci abinka, dafaffen ƙwai ne kawai. Dalilin cittar wasa da kalma ne, syun tsami da syun jika furucinsu ɗaya ne sak har murya, sai kaka ta ce an ci tsami a ƙara jika. Yawanci kwanon farko gasasshen ɗan alade ne, ka sani tun yanzu. Amma Shunde garin kifi ne da madara, UNESCO ma ta sa su cikin biranen girki a 2014, ba za ka kwana da yunwa ba in ka yi magana da wuri.

Kuma a ranar ko kusa da ita ake yi wa yaro askin farko, tai tau, abin da wanzami yake mana ranar suna. Wasu har alƙalamin rubutu irin nasu na gashi ake yi musu da sumar a ajiye tarihi.

Abu Sumayya:
Ni fa duk wannan bayanin ban ga wanda ya tambayi hukunci ba. Wurin da ake zagayawa da giya da alade, ga hadisi ya hana zama a teburin da ake shan giya a kai, sai mu zauna muna koyon yadda za a ce barka? Alhaji ka tura masa saƙo kawai ka ba da uzuri, kasuwanci daban addini daban

Malam Na Damagaram:
Abu Sumayya hadisin da ka kawo haka yake, ba mai musu. Amma mu rarrabe abubuwa. Taya wanda ba musulmi ba murnar haihuwa da yi wa ɗansa fatan lafiya da girma, malamai da yawa ba su ga laifi ba, kuma kalmomin da Suruki ya kawo ba wadda take da bautar wani abu a ciki, ya yi tsawo ya yi lafiya ne. Mutumin da ya yi maka halacci shekara tara yana da haƙƙi. Abin kiyayewa teburin ne, sai kuma in an zo kunna turare ga kakanni ko gunki, nan ka ja gefe. Alhaji ya faɗa masa gaskiya tun yanzu, ko a ware masa tebur ko ya je gida ya yi barka kafin liyafar. In hakan bai samu ba sai a koma maganarka.

Abu Sumayya:
Malam ware tebur a ɗaki ɗaya ai duk kanwar ja ce

Baban Abba:
To Abu Sumayya jirgin da kake hawa zuwa Gwanzu fa, na kusa da kai me yake sha, zoɓo?

Admin:
Jama'a a tsaya kan tambayar Alhaji don Allah. Mai son wancan zancen ya buɗe nasa, an ji ɓangare biyu kuma Alhaji ba yaro ba ne.

Ɗalibin Hong Kong:
Akwai jimla da aka tanada don wannan ma, kuma su kansu suna amfani da ita, yi ca doi jau, shayi a madadin giya. In an zo zagayen ɗaga kofi ka ɗaga na shayinka ka faɗe ta, ba mai jin haushi.

Maganar kyauta kuma, lai si, jan ambulan da kuɗi a ciki, wanda 'yan Mandarin ke cewa hongbao. Sababbin takardu, ka miƙa da hannu biyu. Ka guji 4 don sei huɗu da sei mutuwa murya ce kawai ta raba su, 8 kuwa bat yana kama da fat na arziki shi ya sa suke sonta. Kar ka sa a farin ambulan, kar kuma ka yi adadi mai ɗigon ɗaya a ƙarshe irin 501, wannan na ta'aziyya ne. Kuma duk abin da za ka kai kar ka kai agogon bango, sung jung ba da agogo da sung jung raka mamaci furuci ɗaya ne. Dangi na kusa su suke kai zinare, ɗan munduwa ko ɗan kwaɗo da ake rataya wa yaro a wuya wai a kulle ransa kar ya tafi, kai ba sai ka kai nan ba.

Alhaji Mai Kujeru:
Innalillahi. Wlh agogo na yi niyyar saya, irin mai hoton Ka'aba ɗin nan 🙆🏾‍♂️

Hajiyar Labule:
😂😂 Alhaji da ka haɗa biyu. Ka kai turmin atamfa mai ja-ja ko mai ruwan gwal ga maijego, ni duk wadda na kai wa sai ta yi ta ɗaukar hoto. Su ma fa suna goyo, kar ku ga keken jarirai yanzu, tsofaffin suna da majanyinsu mai igiya huɗu, me dai, me shi ne goyo, kuma a al'ada kakar wajen uwa ce take kawo shi. Har yau in kin shiga lungunan tsohon gari za ki ga tsohuwa da jika a baya.

Maman 'Yan Biyu:
Suruki wai gaskiya ne ba a yabon jariri a gabansu? Na taɓa ji

Surukin Sinawa:
Tsohuwar al'ada ce kuma ba ta mutu duka ba. Iyayen yanzu ka ce hou dak yi, kyakkyawa abin sha'awa, za su ji daɗi, ko hou gwai, mai haƙuri ba rigima. Amma wasu kakanni ba sa so a ce yaro ya yi ƙiba ko ba ya ciwo a kan idonsa, kamar yadda mu ma in ba ka ce tubarkallah ba sai a harare ka. Tun daga ciki ma ake wannan kaffa-kaffa, wata ukun farko ba a faɗa wa kowa, wai ɗan tayi mai saurin fushi ne, kuma ba a buga ƙusa ko matsar da gado a ɗakin mai ciki. In an tashi faɗa kuma sai a ce yau jo, wato ta samu, sak yadda muke cewa. Ranar da matata ta faɗa min haka na yi dariya na ce ashe Hausa kuke ji.

Sai sunan yarinta, a da da gangan suke sa wa yaro suna marar daɗi, ɗan alade, ɗan kare, ɗan saniya, don mugayen iskoki su raina shi su wuce. Ko a sa wa namiji sunan mace. Bruce Lee da kuka sani, wanda aka haifa a 1940, a gida Sai Fung ake kiransa kuma sunan mata ne, don iyayen sun rasa ɗa namiji kafin shi.

Malam Na Damagaram:
Ajuji da Ayashe kenan. Ɗan wabi ko'ina akwai shi ashe.

'Yar Zongo Kumasi:
Ni tambayata ɗaya, da mace aka haifa za a yi wannan liyafar kuwa? Don na ga Alhaji ya ce suna da 'ya mai shekara bakwai, ita an yi mata?

Ɗalibin Hong Kong:
Yaya kin taɓo inda yake ciwo. A birni yanzu ana yi wa kowa, amma yaren bai manta da abin da ya wuce ba. Barkar da ake rubutawa a kati ta namiji lung jeung ji hei ce, murnar wanda zai yi wasa da dutse mai daraja, ta mace kuma lung nga ji hei, murnar wadda za ta yi wasa da gululun mazari na yumɓu, daga tsoffin waƙoƙinsu na shekaru kusan dubu uku aka ɗauko. Tim ding, ƙaruwar gida, asalinsa namiji ake nufi. A ƙauyukan New Territories a nan Hong Kong har yau duk watan farko na shekararsu ana bikin kunna fitila a ɗakin kakanni, dim dang, fitila ɗaya ga kowane namiji da aka haifa a bara, sannan a shigar da sunansa littafin zuri'a, mata ba sa ciki. Hatta jikoki, ɗan 'yarka ngoi syun ne, jikan waje.

'Yar Zongo Kumasi:
Jikan waje! Kai maza ko'ina halinku ɗaya. Shi dutse ita mazari

Baban Abba:
Mu dai a Hausa ango ko amarya muke tambaya, kowa da darajarsa

'Yar Zongo Kumasi:
Baban Abba kar ka sa in buɗe baki, guɗa nawa ake yi wa namiji a garinku nawa ake yi wa mace?

Surukin Sinawa:
A yi haƙuri Yaya. Ga wadda za ta ɗan sanyaya miki rai kuma Alhaji zai iya amfani da ita tunda mutuminsa mace da namiji gare shi. Harafin hou, wato kyau ko alheri, haɗin harafi biyu ne, na mace da na ɗa. Don haka wanda ya samu mace da namiji sai a ce ya haɗa hou. Ka tuna daga wajen 1980 har ƙarshen 2015 ɗa ɗaya doka ta yarda wa yawancin mutanen birni, 2016 aka ce biyu, 2021 aka ce uku, shi kansa mutumin naka wataƙila a wannan dokar ya tashi, ka ga haɗa hou ba ƙaramin abu ba ne a wajen tsohuwarsa.

Sannan dangi, mu kaka ɗaya ce ta rufe huɗu, su kowa da nasa. Ye-ye da ma-ma na wajen uba, gung-gung da po-po na wajen uwa. Yayar uba gu ma, ƙanwar uba gu je, yayar uwa yi ma, ƙanwar uwa a yi. Wan uba bak, ƙanen uba suk. Ɗan'uwan uwa kuma, ku saurara da kyau, kau fu.

Baban Abba:
KAWU?? Na faɗa muku mutanen nan 'yan Daura ne suka ɓata

Ɗalibin Hong Kong:
Dace ne kawai Baban Abba, namu kawun ma daga Fulatanci muka aro 😄

Alhaji Mai Kujeru:
Jama'a na dawo da rahoto, jiya aka yi. Na bi shawarar Malam na faɗa masa tun kafin in taso, ashe shi ma abin yana ransa, ya haɗa ni tebur ɗaya da wasu kwastomominsa biyu 'yan Yaman da wani ɗan Xinjiang mai yi masa tafinta, aka yi mana kifi da ganye da shinkafa, ba kwalba ko ɗaya a gabanmu. Abu Sumayya na san ba ka gamsu ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Da aka kai ni gaban tsohuwar, 'yar ƙarama ce ba ta kai kafaɗata ba, jaririn yana hannunta cikin jan kaya kansa a aske tas, na ce gung hei sai ma-ma na tura muryar can ƙasa har sai da na yi tari, ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. Na ce sou ha jai fai gou jeung dai. Wlh sai ta ƙwala kira, mata suka taru, ta sa na maimaita sau uku tana gyara min jeung ɗin da bakinta a tsuke kamar mai hura wuta, har yanzu ban san ko na dace ba amma ta ɗebo jan ƙwai huɗu za ta ba ni sai ta tsaya ta ƙara biyu. 'Yar tasu mai shekara bakwai aka ce ta gaishe ni ta ce bak-bak don na girmi ubanta. Geung cou ya zo kamar yadda Hajiya ta faɗa, ina ganin robar na ce do je tun daga nesa, mutumina ya fashe da dariya ya ce wa ya koya min. Atamfar kuma po-po ce ta ƙwace tana gwadawa a kafaɗa.

Abin da ba wanda ya faɗa min, na sa 800 a lai si na miƙa da hannu biyu, matar da ke karɓa a bakin ƙofa ta lanƙwasa kusurwar ambulan ɗin ta miƙo min abina. Na ɗauka raina kuɗin aka yi, raina ya ɓaci na tsaya ina tunanin ƙari, sai na ga na bayana ma haka aka yi masa.

Surukin Sinawa:
Af, na manta Shunde za ka! Haka suke yi, sun karɓi niyyarka sun mayar maka da kuɗinka, lanƙwasar ita ce shaida. Mu a Gwanzu surukaina ba su mayar wa kowa ko sisi ba 😅

Alhaji Mai Kujeru:
To saura ɗaya. Ƙwan nan na zuba su a aljihun farar shaddata, ga zufa, yanzu gefen rigar ya yi ja kamar an yanka kaza a kai. Me ke fitar da shi?

Hajiyar Labule:
Kar ka sa ruwan zafi kar ka goge. Ka jiƙa wajen a ruwan sanyi da sabulun wanki ka bar shi ya kwana, in bai fita ba ka taho da ita gida a kai Ƙofar Mata a mayar da ita shuɗiya.